Kwalbar da Aka Toshe, da Abin da Ke Cikinta

A wannan mako za mu duba wata al'ada ta mutanen Turai, domin akwai darasin fiƙihu a cikinta.

A ƙauyukan Faransa da Italiya, manoma da yawa kan matse inabi su yi giyarsu a gida. Idan ta kammala, sai su ɗura a kwalabe, su toshe da matoshi na ɓawon wata itaciya wadda ta fi yawa a Fotugal, inda akan saɓe ɓawonta duk shekara 9. Matoshin ya fi bakin kwalba kauri, saboda haka suna da wani ƙarfe mai hannu biyu wanda ke matse shi, ya cusa shi cikin wuyan kwalbar. Amma gwanayensu ba sa toshewa sai ruwan ya daina kumfa, don sun san iskar da yisti ke fitarwa tana iya tunkuɗe matoshin ko ta fasa kwalbar.

To, mu Musulmi giya haramun ce gare mu, yinta da ɗurinta da dakonta duka. Sai dai abin lura shi ne, rufe abin sha mai zaƙi ba ya hana shi juyawa. Wannan ne ya sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana wakilan Abdul Ƙais yin tsimin dabino a cikin gora, da koren tulu, da kututturen dabino da aka fafe, da tulun da aka shafe da kwalta, watau mazuban da ke saurin juyar da abin sha. Har a Risala an ambaci hanin game da gora da mai kwalta. Ibn Abbas kuma ya ruwaito cewa tsimin da ake yi wa Annabi ba ya wuce yammacin kwana na 3.

Saboda haka muna jan hankalin iyayenmu mata masu sayar da zoɓo da kunun zaƙi. Sukari da zafin rana idan suka haɗu a rufaffiyar roba, barasa na iya samuwa. Robar da ta kumbura, ko ta yi huci da kumfa in an buɗe, a zubar da ita. Hasarar roba goma ta fi sauƙi bisa shayar da yaran Musulmi abin da ake shakkarsa.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu da abin shanmu, amin.