FILIN ADDINI: Sauron Ambursa da Maganar Darwin

Godiya ga Allah Mahaliccin kome da kowa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Wasiƙu sun iso wannan fili daga hayin kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera da Barnawa, duka a kan magana ɗaya. Iyaye ne ke kuka da cewa 'ya'yansu na ajin ƙarshe a sakandare suna komowa gida da darasin juyin halitta, watau maganar Darwin, wanda ke cikin manhajar ilmin halittu, ana kuma tambayarsa a jarrabawar WAEC. Wani ya ce ya hana ɗansa buɗe wannan babi. Wani ya ce abokan aikinsa Kirista a ofis sun ba shi ƙasidu masu cewa shekarun duniya dubu shida ne, yana tambaya ko ya halatta ya kafa hujja da su. Za mu amsa gwargwadon abin da Allah ya sawwaƙe.

Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san surarsa. To, mene ne mutumin nan ya faɗa? Charles Darwin Baturen Ingila ne, ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu a shekarar 1859. Ginshiƙin littafin shi ne abin da Larabawa suka fassara da al-intikhabuɗ ɗabi'i, watau zaɓen ɗabi'a, mu kuwa sai mu ce tankaɗe da rairaya. An gina shi a kan abubuwa huɗu. Na farko, 'ya'yan jinsi ɗaya ba su zama daidai wa daida: a zangarniya guda ma wata ƙwayar ta fi wata. Na biyu, ana gadon wannan bambanci. Na uku, abin da ake haihuwa ya fi abin da ke rayuwa har ya hayayyafa yawa nesa ba kusa ba. Na huɗu, wanda siffarsa ta fi dacewa da wurin da yake zaune shi ya fi barin zuriya, saboda haka in zamani ya yi tsawo sai siffarsa ta mamaye jinsin.

Manomi da makiyayi ba baƙin wannan magana ba ne. Manomi yakan ware damin da ya fi kyau ya ajiye don iri. Bafillace yakan zaɓi bijimin da zai bari a garke, da haka aka sami Bunaji da Rahaji da Bokolo, kowanne da kamanninsa. Shi kansa Darwin da misalin masu kiwon tantabara ya buɗe littafinsa. Abin da ya ƙara shi ne cewa ko babu hannun makiyayi, fari da cuta da yunwa da maƙiya suna yin irin wannan zaɓe.

Ba sai mun je Turai neman shaida ba. A shekarar 1954 aka fara wani shirin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yammacin lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi, ana bin ɗakuna ana feshi, a wani yanki da magani mai suna dildirin. Da fari sauro ya yi ta mutuwa. Kafin ƙarshen 1955 sai ma'aikata suka tarar a garin Ambursa cewa maganin ya daina kashe shi, aka buga labarin a mujallar kimiyya a 1956, aka kuma tabbatar cewa juriyar nan gadonta ake yi. Ga yadda abin ya faru. Cikin dubban sauro akwai 'yan kaɗan da Allah ya halitta da siffar da dafin ba ya kama su. Feshi ya kashe sauran ya bar su, suka sami fili suka hayayyafa. Sauro kuwa cikin kamar mako biyu yake tashi daga ƙwai ya zama babba, saboda haka shekara guda a wurinsa zuriya ce bayan zuriya masu yawa. Babu sauron da ya yi dabara ko ya koyi wani abu. Rariya ce aka kafa, abin da ya tsallake ta shi ya gaji gari.

Haka aka yi da kulorokwin, wanda duk wanda ya manyanta ya san ɗacinsa da ƙaiƙayinsa. Shekaru da yawa shi ne maganin zazzaɓi a kowane kemis, har ƙwayar cutar da ke jure masa ta yawaita, Gwamnatin Nijeriya ta sauke shi daga matsayin maganin farko a 2005.

Shaida ta uku a cikin jininmu take. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da Gwamnatin Nijeriya sun gudanar da babban bincike a kan zazzaɓi a ƙasar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa. Likitoci suka auna jinin jama'a, suka sami masu rukunin AS kimanin 24 cikin 100 a tsakanin jarirai, amma kimanin 29 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka wuce shekara biyar. Masu SS, watau masu amosanin jini da ake kira sikila, kimanin 2 cikin 100 ne a jarirai, a cikin manya kuwa da ƙyar ake samun ɗaya. Rukunin jinin mutum ba ya sauyawa bayan haihuwa. Abin da lissafin ke nunawa shi ne zazzaɓi ya fi ɗaukar yara masu AA, sikila ta ɗauki masu SS, masu AS suka fi tsira. Wannan ne dalilin da ya sa gadon sikila ya yi yawa a ƙasashen sauro, kamar yadda likita Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka tun 1954. Duk unguwar da ke gefen kogin Kaduna, inda lambuna da kwatami ke tara ruwa, wannan rairayar ba ta daina aiki a cikinta ba.

To, ina matsayin wannan a tauhidi? Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya karanci Ummul Barahina ta Shehu Sanusi ya san hukunci iri uku ne: na hankali, da na shari'a, da na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne haɗin da muke gani tsakanin abu da abu ta hanyar maimaituwa, kamar wuta da ƙuna, da abinci da ƙoshi, da magani da waraka. Ahlussunna sun tabbatar da wannan haɗi, suka ce Allah ne ke halitta sababi da abin da ke biyo bayansa, in ya so kuma ya raba su. Tankaɗe da rairayar da muka bayyana a wannan babi take. Wanda ya ce feshi ya rage sauro mai rauni ya bar mai juriya, daidai yake da wanda ya ce ruwan sama ya fitar da tsiro. In ya ƙudurce cewa ɗabi'a ce ke aikatawa da kanta ba da Mai tsarawa ba, ya kauce, kuma kaucewarsa ɗaya ce ko a kan sauro ya faɗa ko a kan damina. Na'urar ɗakin bincike tana nuna yadda abu ke gudana, ba ta da bakin da za ta ce babu Mai gudanarwa. Wanda ya faɗi haka falsafarsa ya faɗa, sai a yi masa raddi da ilmin tauhidi.

Ba mu ne farkon masu wannan rarrabewa ba. Shehu Husaini al-Jisr, malamin Tarabulus ta ƙasar Sham, ya tattauna maganar Darwin a littafinsa Arrisalatul Hamidiyya a 1888. Bai karɓe ta a matsayin abin da ya tabbata a zamaninsa ba, amma ya bayyana cewa nassi bai fayyace ko Allah ya halicci jinsunan dabbobi da tsirrai a lokaci guda ko a hankali daki-daki ba, kuma ko da dalili yankakke ya tabbatar da na biyun, imani da Mahalicci yana nan daram. Tun kafin shi Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗi a kan masu musun lissafin husufin rana da wata da sunan kare addini, ya nuna cewa ɓarnar mai kare addini ta hanyar da ba ta dace ba ta fi ta mai sukarsa.

Wannan ya kawo mu ga ƙasidun shekara dubu shida. Lissafin nan na wani babban limamin coci ne a ƙasar Ailan mai suna James Ussher, wanda a 1650 ya tara shekarun zuriyoyin da ke cikin Tsohon Alkawari ya ce an halicci duniya shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Rigimar da ta biyo baya ta fi zafi a Amurka, inda a 1925 aka gurfanar da wani malamin makaranta mai suna John Scopes a Jihar Tenesi saboda koyar da juyin halitta. Kirista da yawa ma ba su riƙi wannan lissafi ba. Maƙwabtanmu suna da haƙƙin maƙwabtaka da kyakkyawar mu'amala, sai dai Musulmi ba ya aron hujjar da littafinsa bai ɗora masa ba. Alƙur'ani bai ƙayyade shekarun duniya ba. Kwanaki shida da ya ambata, kalmar yini a cikinsa ta zo da gwargwadon shekara dubu a Suratul Hajji da Suratus Sajada, ta zo da dubu hamsin a Suratul Ma'ariji. Saboda haka in masana duwatsu suka ce shekarun ƙasa sun kai kimanin miliyan 4,500, ba su taɓa wani nassi namu ba.

Saura magana mafi nauyi, watau asalin ɗan Adam. Adalci ya wajaba ko a kan abokin husuma. Darwin, a littafinsa na 1871, bai ce birin da muke gani a daji shi ya haifi mutum ba. Abin da ya ce, wanda masana ilmin halittu suke a kai har yau, shi ne mutum da manyan birai sun haɗa kaka a zamani mai nisa, suna kafa hujja da ƙasusuwan da aka tono da kuma kamannin ƙwayoyin gado. Mu kuwa a nan nassi ya yi magana: an halicci Annabi Adamu daga yumɓu, aka busa masa rai, aka umarci mala'iku su yi masa sujada, kuma Suratu Ali Imrana ta kwatanta halittar Annabi Isa da tasa. Abin da jumhurun malamai suka tafi a kai shi ne ba shi da uwa ba shi da uba. Wannan keta al'ada ne, kamar haihuwar Annabi Isa da taguwar Annabi Salihu. Ilmin gwaji a kan al'ada mai maimaituwa yake aiki, ba shi da ma'aunin da zai tabbatar da mu'ujiza ko ya kore ta. Likitan da ya san ba a haihuwa sai da uba bai fasa imani da Annabi Isa ba, bai kuma jefar da ilminsa ba. Mu tsaya inda nassi ya tsaya, kada mu ƙara masa tatsuniyoyin Isra'iliyyat, kada kuma mu rage shi don neman yardar wani.

Haka nan a kiyayi masu fakewa da Darwin su ce duniya kashin dankali ce, babba ya danne ƙarami. Bayanin yadda sauro ke gadon juriya ba ya halatta wa ɗan kasuwa ɓoye hatsi ko tauye mudu. Halal da haram daga shari'a ake ɗaukarsu.

Daga abin da ya gabata ga nasiha huɗu. Ta farko ga iyaye: ku bar yaro ya karanta babin nan ya fahimce shi, ya rubuta wa masu jarrabawa abin da masana fannin suka faɗa, gama hakaito magana ba ƙudurce ta ba ne. Ku haɗa shi da malamin tauhidi wanda zai nuna masa iyakar kowane ilmi. Yaron da aka ce masa duk ƙarya ce, ran da ya shiga jami'a ya ga ƙwayoyin cuta suna sauyawa a gaban idonsa, ana jin tsoron ya tuhumi malaminsa na addini a kan sauran abin da ya koya masa.

Ta biyu ga masu kemis da masu sayar da magani a kasuwa: sayar wa majinyaci rabin adadin da likita ya rubuta, ko jabun magani mai ƙarancin ƙarfi, kafa rariyar Ambursa ne a cikin jikin mutum. Yana kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu taurin kai su yaɗu cikin jama'a. Wannan algushu ne, kuma cutarwarsa tana kai wa ga wanda bai taɓa shiga shagonka ba.

Ta uku ga majinyata: a shanye magani yadda aka umarta, ko da jiki ya yi sauƙi tun kafin ya ƙare.

Ta huɗu ga waliyyai: in mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. An ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da sikila kowace shekara a Nijeriya. Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Ku kuwa kada ku jira doka. A yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun zukata ba su shaƙu ba. Riƙon sababi ba ya warware tawakkali, gama Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji labarin annoba, ya kuma bayyana cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba hukuncin fasa baiko saboda sakamakon gwajin jini, da abin da ya kamata a yi da kayan da aka riga aka kai. Allah shi ne mafi sani. Allah ya ƙara mana ilmi mai amfani, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalamu alaikum.