Kiwon Lafiya: Masoro Da Mansa

A Kagarko, ƙasar citta, da wuya a dama kunu ko a daka yaji ba a jefa masoro ba. Amma fa man da ake tatsowa daga ƙwayarsa da tururi ba abin wasa ba ne. Ɗigo 2 cikin cokalin shayi na narkakken man kaɗanya ya isa manomi ya murza a kafaɗar da ta yi tsami bayan huɗa. Zallarsa kan ƙona fata. Ba a shansa, ba a kai shi kusa da ido ko jikin jariri. Garin masoro kuwa, in aka cuɗa shi da wake kafin a ɗure buhu, yana rage ɓarnar ƙwari. Ciwon gaɓa da ya wuce mako, ko ya zo da kumburi, sai asibiti.