Pennsylvania: Inda alƙalai ke neman ƙuri'a kamar 'yan siyasa

A ranar 4 ga Nuwamba, 2025, masu zaɓe a Jihar Pennsylvania ta Amurka sun cike gurabe biyu a kotunan ɗaukaka ƙara na jihar. Brandon Neuman ya samu kujera a Kotun Superior, mai sauraron ƙararrakin laifuka da rigingimun jama'a, Stella Tsai kuma ta shiga Kotun Commonwealth, wadda ke duba shari'un da suka shafi gwamnati. Dukkansu 'yan jam'iyyar Democrat ne.

A Najeriya, Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke ba da shawara, gwamna ko shugaban ƙasa ya naɗa. A Pennsylvania kuwa mai son zama alƙali yana tsayawa takara ƙarƙashin tutar jam'iyya. Idan ya ci, zai yi shekara 10, sannan a tambayi jama'a ko ya ci gaba ko ya sauka.

Irin wannan tambayar aka yi a ranar kan alƙalai uku na Kotun Ƙolin jihar: Christine Donohue da Kevin Dougherty da David Wecht. Dukkansu sun tsira, Democrat ta ci gaba da riƙe kujeru biyar cikin bakwai.

Dalilin zafin fafatawar ba ɓoyayye ba ne. Zaɓen waɗannan ukun a 2015 ne ya sauya alƙiblar kotun. A 2018 ta soke taswirar mazaɓun majalisar tarayya da ta bai wa Republican kujeru 13 cikin 18, kuma a zaɓen da ya biyo baya jam'iyyun biyu suka raba tara-tara. A 2020 ta ƙara kwana uku na karɓar ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya. Ke nan wanda ya ci zaɓen alƙalai yana iya shata filin da za a yi sauran zaɓuɓɓuka.

Magoya bayan tsarin na cewa ya raba alƙali da ubangida. Amma yaƙin neman zaɓe kuɗi yake ci, kuma cikin masu bayarwa akwai lauyoyi da ƙungiyoyin da gobe za su tsaya gaban kotun. Naɗi na ɗora wa alƙali nauyin mai mulki, zaɓe na ɗora masa nauyin mai kuɗi. Abin da ya dami ɗan kasuwar da ke da ƙara shi ne ko wannan nauyi zai bi alƙalin har cikin hukunci.