Filin Lissafi: Lambar da ta ƙaryata alƙali

 Lambarmu ta wannan sati ita ce 4 294 967 297, wato miliyar huɗu da ɗoriya.

Masana lissafi sun kasa lambobi gida-gida. Akwai cika, akwai mara. Tamu mara ce, tunda 7 ce ƙarshenta. Akwai kuma gidan gagara-rabo, wato lambobin da ba su rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu, kamar 7 da 13. Shin tamu ƴar wannan gida ce? Nan ne gardama ta taso.

A shekara ta 1640, wani alƙali na birnin Tuluz a ƙasar Faransa, Piyer Ferma, mai yin lissafi bayan tashi daga aiki, ya lura da wani abu. In ka ɗauki 1 ka ninka shi sau ɗaya, ka ƙara 1, ka samu 3. Ninki biyu ya ba da 5, ninki huɗu 17, ninki takwas 257, ninki goma sha shida 65 537. Duka biyar ɗin gagara-rabo ne. Sai ya ce lalle haka abin zai ɗore har abada, ko da yake ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Ta shida a jerin, mai ninki 32, ita ce lambarmu.

Ferma ya rasu a 1665 maganarsa na tsaye. Sai a 1732 Lewonar Oyla, mutumin Suwis mai aiki a ƙasar Rasha, ya warware ta: 641 sau 6 700 417 ya ba da 4 294 967 297 cif-cif. Mai shakka ya gwada da alƙalaminsa. Waɗannan biyun kuwa kowace gagara-rabo ce, kuma ban da 1 da ita kanta babu mai raba ta sai su.

Ba lalube ya yi cikin duhu ba. Daga baya ya nuna cewa duk lambar da za ta raba wannan, dole in an cire mata 1 ta rabu da 64. A cikin irin waɗannan, gagara-rabo na farko su ne 193, 257, 449, 577, sannan 641. Gwaji biyar kacal, ke nan. Har yau, duk da ƙarfin na'urorin zamani, ba a sake samun gagara-rabo ko ɗaya cikin jerin Ferma ba.

To, ɗan kasuwan da ya buɗe buhu biyar ya ga gero mai kyau ya biya kuɗin mota guda, da ma'aikacin da ya duba takarda biyar ya sa hannu kan sauran, su tuna da alƙalin Tuluz. Hausawa sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.