Kuɗin cefane: a rubuta kafin a zargi amarya

A zangunan Salaga, Yendi da Bawku, rigimar sababbin ma'aurata ba ta wuce "ina kuɗin da na ba ki?" Ni dai a ganina, maigidan da bai san nawa ake sayar da kwanon masara ba, ba shi da bakin yin wannan tambaya. A Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Ta sauko daga baya, amma kaya ba su koma tsohon kuɗinsu ba. Kuɗin cefane kuwa, a gidaje da yawa, yana nan inda yake.

Shawarata, a sayi littafi guda irin na 'yan makaranta. Ta rubuta koko, gawayi, magi. Shi ma ya rubuta nasa: data, man babur, kuɗin wutar NEDCo, har gudummawar suna da biki. Nan fa ake yin ta! Mu maza muna son a leƙa tukunya, amma kada a buɗe saƙonnin MoMo ɗinmu.

Ƙarshen wata su zauna su biyu, ban da uwar miji. A fara cire zubin adashi da na sabunta katin NHIS, sannan a zo maganar anko.