Labarin Garinmu, Wa Zai Tace Shi?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani abu ne da ya same ni ni da kaina, wanda na san da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai ba su manta da shi ba.

A zangon karatu na biyu da ya wuce, wata ranar Talata da hantsi, muna cikin darasin lissafi sai aka aiko wai mahaifina yana bakin ƙofa yana nemana. Gabana ya faɗi, domin ba ranar ziyara ba ce, kuma Baba ba ya barin lambunsa a tsakiyar rani sai da babban dalili. Ko da na isa sai na tarar ba shi kaɗai ba ne, iyaye sun cika bakin ƙofa, wasu a kan babura, wasu a ƙasa, duk sun yi buɗu-buɗu da ƙura. Na durƙusa na gaishe shi, bai ko amsa ba, sai ya kama wuyana yana juyawa, ya ce, "Kai, lafiyarka ƙalau?" Na ce, "Lafiya lau, Baba." Ya yi ajiyar zuciya ya ce tun daren jiya Inna ba ta sa komai a bakinta ba.

Ashe wani saƙon murya ne ya shiga wayoyin mutanen ƙauyenmu a ƙasar Roni, wata mata tana kuka tana cewa sanƙarau ya ɓarke a makarantar kwana, yara suna ta mutuwa. Matar ba ta faɗi sunanta ba, ba ta faɗi sunan makaranta ba, ba ta kuma faɗi rana ba. Wani ne ya ƙara sunan makarantarmu a ƙasa ya tura gaba. Alhali kuwa a ranar yara uku ne kacal a ɗakin shan magani, su ma zazzaɓi ne. Ba na ganin laifin iyayenmu, gama kowa ya ji yadda wannan ciwo ya kashe ɗalibai a wasu makarantun kwana na Jihar Yobe a farkon 2024, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma fa Baba rance ya ci ya biya kuɗin babur zuwa da komawa, tumatirinsa kuma ya wuni babu ruwa.

Tun daga ran nan nake tunani a kan yadda labari yake yawo a garuruwanmu. Ni dai a ganina, ya kamata mutanen Roni su kasance da jaridarsu ta kansu, wadda su ne za su riƙa kawo mata labari. Sai dai irin wannan jarida ba za ta yi amfani ba sai an sami mai tacewa, watau mutumin da aikinsa shi ne ya tambayi mai kawo labari, "Kai ka gani da idonka, ko ji ka yi?"

Bari in fara da dalilin da ya sa muke bukatarta. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, babban birninmu Dutse ne, amma kowa ya san Roni ta fi kusa da Kano da Daura. Mu da Kazaure da Gwiwa da 'Yankwashi muna can a gefen jihar. Gidajen rediyo suna ƙoƙari, ba na raina musu, sai dai wakili ɗaya ba zai iya zagaya ƙananan hukumomi 27 ba. Idan rijiyar burtsatse ta lalace a Amaryawa, ko ruwa ya cinye hanya a Zugai, ko cutar kaji ta shigo Gora, wa zai faɗa? Mutumin Roni yakan kunna rediyo da asuba ya ji abin da ake ciki a Amurka da Gaza daga Sashen Hausa na BBC, wanda yake watsa shiri tun 1957, amma bai san nawa aka sayar da kwanon gero a kasuwar da ke kusa da shi ba sai ya je. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Labarinmu yana hannunmu, ba wanda zai zo daga nesa ya tattara mana.

To, wani zai ce ai an riga an yi, tunda ga waya a hannun matasa, kowa yana tura abin da ya ji. A nan ne nake da ja. Abin da ake yi yanzu kowa wakili ne, babu edita ko ɗaya. Kuma na lura labarin da ya fi gudu a cikin wayoyi shi ne wanda ya fi tayar da hankali. In ka ce an gyara famfo, mutum biyu za su tura. In ka ce an ga masu satar yara a bayan gari, kafin la'asar ya kai Babura. Yawan masu tura magana ba shaida ba ne, gama duk daga baki ɗaya suka ɗauko ta.

Wannan kuwa ba a kanmu aka fara ba. A watan Agustan 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Legas, saƙo ya bazu cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane da yawa a Nijeriya suka bi, wasu suka kwanta asibiti, har aka rasa rayuka. A ƙasar Indiya ma, a 2018, jita-jitar satar yara da aka yaɗa ta WhatsApp ta sa jama'a sun kashe baƙin da ba su ji ba ba su gani ba, har kamfanin ya taƙaita yawan wuraren da mutum zai iya tura saƙo a lokaci guda, ya mai da su biyar, sa'an nan a farkon 2019 ya shimfiɗa wannan doka ga duniya baki ɗaya. Amma kamfani yana can ƙetare, bai san Roni ba. Iyakarsa ya rage wa magana gudu, ba zai iya zuwa ɗakin shan maganin makarantarmu ya ƙirga yaran da ke kwance ba.

Kakanninmu sun fi mu dabara a wannan fanni. Kakana ya gaya mini cewa a zamaninsu in mai shela ya fito da yamma yana cewa a saurara, kowa ya san daga wurin dagaci ko hakimi maganar ta fito. In ƙarya ce, an san ƙofar gidan da za a je. Labarin bakin rijiya da na mahauta kuwa, sai a saurare shi a matsayin hira, ba mai ɗaura wa jaki mangala saboda shi. Watau sun raba tsakanin magana mai uba da marar uba. Waya ta zo ta gauraya su, duk da murya iri ɗaya suke shigowa.

Haka kuma malaminmu na Hausa ya koya mana tarihin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, Dokta Rupert East kuma yana kula da ofishin. Ɗaya daga cikin dalilan kafa ta shi ne a kashe jita-jitar da ta bazu a lokacin, cewa Turawan Ingila za su miƙa Nijeriya ga Jamus. Kun ga ke nan tun asali maganin ji-ta-ji-ta aka nema. Abin da ya fi burge ni shi ne, masu karatu daga garuruwa daban-daban su ne suke aiko da wasiƙu suna faɗin abin da ke damunsu, edita kuwa ya duba, ya zaɓa, ya gyara, kana a buga. Jama'a ke kawowa, mutum guda da aka san sunansa ke ɗaukar alhaki.

Daga baya, a shekarun 1950, hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridu na larduna: Sodangi ta Lardin Kano, wanda ƙasar Kazaure take ciki a lokacin, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato. An rushe hukumar a 1959. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, abin da aka dasa da kuɗin hukuma kaɗai, ranar da hukuma ta janye hannu sai ya bushe.

Saboda haka ga yadda nake ganin za a yi, kuma ba na cewa ni kaɗai na iya. Ƙaramar Hukumar Roni tana da mazaɓu. A kowace mazaɓa a sami wakili ɗaya ko biyu waɗanda jama'a suka yarda da su, ko malamin firamare, ko ma'aikacin lafiya, ko ɗalibin da ya gama sakandare yana zaune a gida. Su riƙa aiko da abin da ya faru kowane mako: farashin hatsi da dabbobi, haihuwa da rasuwa, cigiyar akuya ko yaro, ranar allurar rigakafi, inda taki ya iso, inda hanya ta yanke. A cikin gari kuma a naɗa masu tacewa mutum uku, a bayyana sunayensu ga kowa. Dokarsu ta farko, ba a fitar da labari sai an san wanda ya gani, da rana, da wuri. Labarin da ya shafi rai ko mutuncin wani kuwa, sai an ji daga baki biyu, an kuma tuntuɓi wanda ake magana a kansa. In an yi kuskure, a fito a ce an yi kuskure, a daidai wurin da aka yi shi, ba a ɓoye a ƙarshe ba.

Ba lalle sai an sayi injin buga jarida ba. Takarda ɗaya ta isa, a liƙa a ƙofar fada da tasha da bakin kasuwa, da boko da ajami, domin dattawanmu da yawa ajami suke karantawa. Sa'an nan wani mai murya ya karanta ta a ɗauka a waya a tura, tunda ta nan ƙaryar take bi, gara gaskiya ma ta bi ta nan. Kada kuma a manta da iyayenmu mata. Inna ba ta zuwa dandali, labari yana iske ta ne daga bakin 'yan talla da rediyo da wayar yayana, kuma ita ce ta kwana da yunwa a kan maganar da ba ta da tushe. Dole a sa mata cikin wakilai, ko malamar Islamiyya ko ungozoma, don akwai labarin da namiji ba zai taɓa ji ba.

Maganar kuɗi ita ce mai wuya. Na san da zarar abin ya fara karɓuwa, wani ɗan siyasa zai zo da fara'a ya ce zai ɗauki nauyin takarda da katin waya. Ran da aka karɓa, ran nan jarida ta zama maroƙiyarsa, gama bakin da ya ci shi ke godiya. Gara a yi taro-sisi. Mai sanarwar ɗaurin aure ko mai tallar shago ya biya ɗan abin da ya sawwaƙa, cigiya da sanarwar rasuwa kuwa kyauta, a kuma riƙa karanta lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita kowane wata.

Da na faɗa wa wani abokina wannan shawara a ɗakin kwana, sai ya yi dariya ya ce ai masu tacewan nan su ne za su zama sababbin sarakuna, su danne abin da bai yi musu daɗi ba, su fitar da na 'yan'uwansu. Na yi shiru, domin maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Wanda aka ba wuƙa da nama yana iya yanka son ransa. Amsar da na samu daga baya ita ce, kada kujerar ta zama ta gado. A riƙa sauya su duk shekara a gaban jama'a, kada kuma su fito daga gida ɗaya ko jam'iyya ɗaya, wanda aka ƙi buga labarinsa kuma a gaya masa dalili. Duk da haka na yarda za a yi kuskure. Amma editan da ya yi son kai an san gidansu, ana iya zuwa a yi masa magana. Matar da ta yi kuka a wayar Baba fa, har yau ba wanda ya san ko wace ce, balle wanda ya liƙa sunan makarantarmu a kan kukanta.

Wani kuma ya ce mu yara ne, ba a ba mu wannan aiki ba. Gaskiya ne ba mu za mu shugabanta ba, aikin manya ne, kuma sai da albarkar iyayen ƙasa. Sai dai a nan makaranta muna da ƙungiyar 'yan jarida da ke karanta labarai a taron safe, kuma malamin da ke kula da mu ba ya barin a karanta komai sai ya tambayi inda aka samo. Sau biyu yana mayar mini da takardata saboda na rubuta "an ce". Na ji haushi a lokacin, yanzu kuwa na gane. Abin da muke koya ke nan, kuma in an yi hutu muna watsuwa cikin ƙauyukan nan duka, daga Sankau har Tunas.

Ina roƙon hukumar makaranta ta ba ƙungiyarmu izini mu fara gwadawa da abin da ya shafe mu, watau takarda guda kowane wata zuwa ga iyaye, mai faɗin lafiyar ɗalibai da ranar ziyara da ranar hutu, da sa hannun malaminmu da lambar wayar da za a kira in an ji wata magana. Na riga na yi wa Baba alkawarin cewa in aka yarda, kofin farko da hannuna zan kai wa Inna, in zauna in karanta mata.