Yaron da ba ya zama wuri guda a aji: ba kullum taurin kai ba ne

Tun komawar lakwal a watan Oktoba muke jin koken iyaye: "Mushe ya ce ɗana ba ya ji." Wani lokaci lalura ce da likitoci ke kira TDAH: yaro ya kasa tsai da hankali, ya yi ta motsi, ya amsa kafin a gama tambaya. Ba iskoki ba ne.

A ajin da ya cika maƙil, bulala ke fara zuwa, daga nan yaro ya gudu kiwo ko talla. Alhali taimakon ba ya cin kuɗi: a zaunar da shi gaba, a gutsura masa aiki kaɗan-kaɗan, a sa shi goge allo. Iyaye, mu kai maganar taron COGES kafin mu rasa su.